ASALI DA DUKIYA A MA'AUNIN MUSULUNCI: NASIHA GA SAMARIN MUSULMI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halicce mu daga uba ɗaya da uwa ɗaya, Ya raba arziki tsakanin bayinSa gwargwadon hikimarSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, wannan ɗan littafi nasiha ce a kan wata mas'ala wadda kullum kake karo da ita, ko ka lura ko ba ka lura ba. Kana karo da ita ranar da ka je neman aure aka ce a dakata a binciko ko su wane ne kakanninka. Kana karo da ita ranar da ka ga dattijo mai furfura ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zube ƙasa gaban yaron da bai kai ɗansa ba, don kawai yaron ɗan gidan wane ne. Har cikin masallaci kana karo da ita, sa'ad da lokaci ya yi amma ladan ya riƙe iƙama ana jiran Alhaji ya fito. Mas'alar ita ce: shin akwai waɗanda Allah Ya halitta domin su zama manya, da waɗanda Ya halitta domin su riƙa amsa musu da "ranka ya daɗe"? Kuma in Allah Ya ba mutum dukiya, mene ne aikinsa a cikin jama'a?

Ka sani tun farko, ba a rubuta wannan domin zagin wani gida ba, ba kuma domin a tunzura marar shi a kan mai shi ba. Dukiyar Musulmi da jininsa da mutuncinsa haramun ne a kan ɗan'uwansa, ko sarki ne ko mai tura kura. Abin da muke so shi ne mu ɗora al'ada bisa ma'aunin Alƙur'ani da Sunna, abin da ya yi daidai mu riƙe, abin da ya saɓa mu yar.

FASALI NA ƊAYA: ABIN DA MASU TUNANIN ASALI KE FAƊA

In ka tattara maganganunsu za ka ga duk sun tsaya a kan ƙafa uku.

Ta farko, suna cewa daraja a jini take. Ɗan sarki ko bai san alif ba ya fi ɗan mahauci ko ya haddace Alƙur'ani. Da wannan aka jera mutane kamar matakalar bene: masu sarauta a sama, sa'an nan malamai da attajirai, sa'an nan manoma da masu sana'a, can ƙarƙashi kuma mahauta da makaɗa da waɗanda aka ce kakanninsu bayi ne.

Ta biyu, suna cewa yawan dukiya alama ce ta yardar Allah. Shi ya sa za ka ji ana cewa, "Ai wane Allah na son shi," ba don an ga sallarsa ko gaskiyarsa ba, sai don an ga motarsa.

Ta uku, suna cewa talaka da alherin babba yake rayuwa, saboda haka wajibinsa ne ya yi ladabi, ya yi shiru, ya yi godiya. In an ba shi, an yi masa karamci. In an hana shi, ba a ci masa komai ba.

To, kafin mu rusa wannan gini, adalci ne mu faɗi abin da ke cikinsa na gaskiya, domin ƙarya tsagwaronta ba ta daɗewa haka. Gaskiya ne Allah Ya fifita wasu a kan wasu ga arziki, Ya faɗi haka a Suratun Nahli aya ta 71 da Suratuz Zukhrufi aya ta 32. Gaskiya ne kuma ya inganta Manzon Allah (S.A.W.) ya kamanta mutane da ma'adinan ƙasa, ya nuna cewa mutanen kirki na zamanin jahiliyya su ne mutanen kirki a Musulunci. Kuma duk wanda ya san garuruwanmu ya san akwai gidajen sarauta da na attajirai da suka yi shekaru aru-aru tukunyarsu ba ta sauka, baƙo ya kwana a zaurensu, almajiri ya ci, a sasanta ma'aurata, a biya wa matalauci kuɗin likkafani. Yaron da ya tashi a irin wannan gida sau da yawa yakan koyi kunya da haƙuri da iya zama da jama'a. Ba mu musun wannan.

Amma ka duba da kyau. Hadisin ma'adinai yana da sharaɗi a ƙarshensa, watau sai in mutanen sun fahimci addini. Masu alfahari da asali sukan karanta rabin farko su haɗiye sharaɗin. Zinariyar da ba a haƙo ta an wanke ba, ƙasa ce ake takawa. Ayoyin fifiko ga arziki kuwa, aya ta 165 ta Suratul An'ami ta bayyana dalilinsu: an ɗaukaka wasu bisa wasu ne domin a jarraba kowa cikin abin da aka ba shi. Ɗalibin da aka miƙa wa takardar jarrabawa mai tambayoyi da yawa ba ya tashi cikin aji yana taƙama, domin bai san ko zai ci ba. Suratul Fajri ma ta ƙaryata mutum biyu a lokaci guda: wanda aka yalwata masa ya ce Ubangijinsa Ya girmama shi, da wanda aka ƙuntata masa ya ce Ubangijinsa Ya wulaƙanta shi. Daga nan sai surar ta juya ga ainihin laifin, watau rashin girmama maraya, da rashin kwaɗaitar da ciyar da miskini, da cinye gado.

FASALI NA BIYU: WA YA FARA KAFA HUJJA DA ASALI?

Iblis ne, Allah Ya la'ance shi. Bai yi musun samuwar Allah ba. Da aka umurce shi da sujada ga Adamu, hujjarsa guda ce, kamar yadda ya zo a Suratul A'arafi aya ta 12: shi daga wuta aka yi shi, Adamu kuwa daga laka. Wannan ita ce "ka san ko ni ɗan wane ne" ta farko da aka taɓa yi, kuma ka ga inda ta kai mai ita.

Ka bi tarihin annabawa, za ka ga manyan gari da waɗanda ni'ima ta sangarta su ne kan gaba wajen ƙin gaskiya. Manyan mutanen Annabi Nuhu sun ce ba su ga masu binsa ba sai ƙasƙantattu. Suratu Saba'i, daga aya ta 34, ta nuna cewa wannan halin masu ni'ima ne a kowace alƙarya, suna kafa hujja da yawan dukiya da 'ya'ya. Ƙuraishawa sun ce don me ba a saukar da Alƙur'ani ga wani babban mutum na Makka ko Ɗa'ifa ba. Sun nemi Manzon Allah (S.A.W.) ya kori talakawan sahabbai irin su Bilalu da Ammaru kafin su zauna da shi, Allah Ya hana shi. Ranar da ya juya ga manyan Ƙuraishu yana kwaɗayin musuluntarsu, ya ɗaure fuska ga makaho Abdullahi ɗan Ummi Maktum, sai da aka saukar da Suratu Abasa. In an yi wa fiyayyen halitta gyara a kan wannan, to wane malami ne zai ce shi ya fi ƙarfin a yi masa?

Ma'aunin da Allah Ya kafa yana cikin Suratul Hujurati aya ta 13. An sanya mu dangi-dangi da ƙabila-ƙabila domin mu san juna, mafi daraja a wurin Allah kuwa shi ne wanda ya fi taƙawa. Saboda haka asali yana da amfani: da shi kake sanin wanda za ka sadar da zumunta gare shi, da wanda ya haramta ka aura, da wanda za ka gada. Iyakarsa ke nan.

Sahabbai kuwa ba a baki suka bar wannan ba. Zaidu ɗan Harisa, 'yantaccen bawa, an aura masa Zainabu 'yar Jahshi, ɗiyar gwaggon Manzon Allah (S.A.W.). Ɗansa Usamatu an ba shi tutar yaƙi yana saurayi, alhali cikin rundunar akwai manyan Muhajirai. Salimu, 'yantaccen bawan gidan Abu Huzaifa, shi ya riƙa yi wa Muhajiran farko limanci a Ƙuba saboda ya fi su Alƙur'ani, kuma Abu Huzaifa ya aura masa ɗiyar ɗan'uwansa. Bayansu, Aɗa'u ɗan Abi Rabah, baƙin mutum ɗan bayi, shi ne mai fatawar Makka. Da wata mata 'yar babban gida ta Banu Makhzum ta yi sata aka nemo mata ceto, Manzon Allah (S.A.W.) ya yi fushi, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen farko shi ne ƙyale babba in ya yi sata da tsayar da haddi ga mai rauni, ya kuma rantse cewa ko ɗiyarsa ce ba zai ɗaga mata ba.

FASALI NA UKU: ABIN DA TARIHIN WANGA GARI YA KOYA MANA

Mu mutanen Sakkwato ba mu da uzuri ga wannan mas'ala, domin a kanta aka kafa garinmu.

Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin babbar salla, ya raba musu dukiya. An ruwaito cewa rabon Shehu Usmanu ɗan Fodiyo miskali 500 ne na zinariya. Shehu ya ƙi karɓa, ya ce a musanya masa da abubuwa 5: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki 'yan kurkuku, kuma kada a nauyaya wa talakawa haraji. Ka duba biyu na ƙarshe. Ba na malamai ba ne, na waɗanda ba su da bakin magana a fada ne. Da Shehu ya sa hannu ya karɓi zinariyar nan, da bakinsa bai iya furta su ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A cikin Kitabul Farƙi an lissafa al'adun mulkin da jama'ar Shehu suka tashi kawarwa. Daga ciki akwai riƙon sarauta ta hanyar gado da fin ƙarfi ba tare da shawara ba, da harajin da shari'a ba ta sani ba irin su jangali da kuɗin gari da kuɗin salla, da gaisuwa wadda ake kai wa mai mulki kafin ya saurari kukan mutum, da kamuwa, watau ƙwace dabbobin mutane don ɗaukar kayan sarki, da zuba ƙasa a ka wajen gaisuwa. A kan irin waɗannan aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto, Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kafa Sakkwato a 1809.

Amma ga darasin da ya fi ciwo. Tun ba a gama jihadi ba, wajen 1807, Malam Abdullahi ƙanen Shehu ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka, saboda abin da ya gani cikin jama'ar kanta na neman mulki da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado da dawaki. Ya ba da labarin wannan da kansa a Tazyinul Waraƙati. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, daga baya ya komo. Abin lura a nan shi ne cewa cutar ba ta Gobirawa ba ce, ba ta Haɓe ba ce, ba ta Fulani ba ce. Cutar zuciya ce, tana iya kwana ƙarƙashin kowane irin rawani. Shugabannin farko sun san haka, shi ya sa aka ruwaito Shehu yana tufka igiya da hannunsa, aka kuma ruwaito Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana ci daga abin da ya nema, ba daga baitulmali ba.

Sunan unguwarmu ma wa'azi ne. Runji a Hausar da shi ne ƙauyen gandu inda ake zaunar da bayi suna yi wa ubangidansu noma. Yau ka tsaya bakin titin Runjin Sambo da safe ka ga ɗalibai na haramar tafiya Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ka ga malamai da 'yan kasuwa da ma'aikata, wa zai iya nuna maka jikan mai gandu da jikan mai noman gandu? Doka ta kashe bauta ɗungurungum a Arewa tun 1936. Amma har yanzu akwai tsofaffin da ke riƙe da lissafin a ka, ba su fito da shi sai ranar da aka zo neman auren jikarsu.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sun ga wannan tsani na manya da ƙanana ya yi musu daidai, suka ɗora mulkinsu a kansa, suka bar wa En'e karɓar haraji da kotu da gidan yari. Shi ya sa da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, su Malam Aminu Kano suka riƙa kiran sunan talaka, mutane da yawa suka sha ɗauri da bulala a kan haka. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babin En'e. To, sai tunanin ya mutu? Ko kusa. Ƙaura ya yi, ya koma gidan ɗan kwangila da babban ma'aikaci da ɗan siyasa. Wanda jiya yake kukan an sa shi durƙuso, yau ya samu kuɗi ya nemo sarauta, ya ɗauki maroƙa, shi ma yana so a durƙusa masa.

FASALI NA HUƊU: AIKIN MAI DUKIYA

Musulunci bai zo da gurguzu ba, bai ce a raba dukiyar mutane daidai wa daida ba. Cikin mutum 10 da aka yi wa bushara da Aljanna akwai manyan attajirai, Usmanu ɗan Affan da Abdurrahman ɗan Aufu. Al'ummar da ba ta da masu dukiya na gari, wa zai gina mata makaranta, wa zai ba 'ya'yanta aiki? Abin da Musulunci ya canja shi ne matsayin mai dukiyar. A Suratul Hadidi aya ta 7 an kira mu wakilai a kan abin da ke hannunmu. Wakili kuwa ba ya cewa "nawa ne". Ƙaruna ya ce da iliminsa ya samu, ƙasa ta haɗiye shi da gidansa.

A nan ne ya kamata ka rarrabe abu biyu da mutanenmu suka cakuɗa, watau kyauta da haƙƙi. Kyauta irin ta masu tunanin asali tana bin inda suna yake. Tana hawa sama zuwa ga wanda ya fi ka, ko ta tafi ga maroƙin da zai wasa ka, ko a yi liƙi da ita a wurin biki ana takawa. In ma ta gangaro ga talaka, sai an tara shi a ƙofar gida cikin rana, an jera shi, an ɗauki hotonsa da buhun shinkafa an watsa a waya, ranar zaɓe kuma a tuna masa. Aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta nuna cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Haƙƙi kuwa daban yake. Suratul Ma'ariji ta kira shi rabo sananne na mai roƙo da wanda ya rasa. Mai karɓarsa kayansa ya karɓa, ba a binsa godiya, balle ƙuri'a.

Ga abin da ke kan mai dukiya a taƙaice.

Na ɗaya, zakka, da lissafi ba da ƙiyasi ba. Nisabin zinariya miskali 20 ne, kimanin giram 85, kuma da shi ake auna kuɗi da kayan kasuwa. In shekara ta kewayo a fitar da kashi 1 cikin 40. Mai jarin naira miliyan 100 zai fitar da miliyan 2 da rabi. Manomin da ya samu buhu 100 na gero da ruwan sama zai fitar da buhu 10, in kuwa shinkafa ce da ya yi wa ban ruwa da inji, buhu 5. Shanu 30 ɗan maraƙi ne, tumaki ko awaki 40 guda ɗaya. Masu cin ta kashi 8 ne, an lissafa su a Suratut Tauba aya ta 60, kuma babu maroƙi a ciki, babu yaran siyasa, babu malamin da ya fi mai bayarwa wadata. Halifa Abubakar (R.A.) ya yaƙi waɗanda suka hana ta alhali suna salla. Wanda bai san mabuƙata ba, ga Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha nan, ga kwamitocin masallatai.

Na biyu, haƙƙin ma'aikaci. Sunna ta yi umurni da a biya ɗan ƙwadago da gaggawa. Mai gadin da ke kwana ƙofarka da direbanka da yarinyar da ke wanke-wanke a gidanka sun fi cancantar dukiyarka bisa Umra ta bakwai. Mutum ya riƙe albashin mai gadi wata uku sa'an nan ya yanka sa ranar suna, wannan ba karimci ba ne, zalunci ne aka yi wa kwalliya.

Na uku, abin da zai wanzu. Usmanu (R.A.) ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, gugarsa kamar gugar kowa, kuma shi ya ɗauki kaso mai yawa na shirin rundunar Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira. Umaru (R.A.) ya samu gona a Haibara, mafi kyawun abin da ya taɓa mallaka, ya mai da ita waƙafi: ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado, amfaninta na mabuƙata. A wurinmu yau wannan shi ne rijiyar burtsatse a unguwar da mata ke sayen ruwan jarka, da ajin makaranta, da ɗakin shan magani.

Na huɗu, jari. Ka ba saurayi dubu biyar ranar Juma'a, Asabar ta ƙare. Ka ba shi jari bisa ƙiradi, kuɗi naka aiki nasa riba ku raba, ka fitar da gida guda daga bara. Attajiran da haka suke yi, yaron shago ya yi shekaru a sallame shi da jari, shi ma ya ɗauki wasu. Suratul Hashri aya ta 7 ta nuna cewa Allah ba Ya son dukiya ta riƙa kewaya tsakanin mawadata kaɗai.

Na biyar, barin cutarwa: riba, da tauye mudu, da sayen hatsi da kaka a kulle a sito ana jiran talaka ya galabaita, da cinye gonar marayu.

Ko ka san ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna mutum miliyan 133 na Nijeriya suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma jiharmu ce kan gaba, da kimanin kashi 91 cikin 100? Ga 'yan gudun hijira daga yankin Sabon Birni da Isa, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, mata da yara suna bara a kan titunanmu. Garinmu, anya ya dace a same shi a wannan matsayi? Mai dukiyar da ya zaci doguwar katanga za ta tsare shi daga yunwar maƙwabcinsa, ya tuna in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa ake yi.

FASALI NA BIYAR: ABIN DA KE KANKA KAI MATASHI

In kai ɗan talaka ne, ka riƙe mutuncinka. Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Ka yi wa babba sallama irin ta Sunna, ka ba shi hannu, ka girmama furfurarsa, ka yi wa shugaba ɗa'a cikin abin da ba saɓo ba. Amma ruku'u da sujada na Allah ne. An tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko mutum zai sunkuya wa abokinsa in sun haɗu, ya hana. Kada ka zama ɗan zaman ƙofa mai jiran fitowar Alhaji, kada ka zama ɗan bangar da ake ba ƙwaya da adda alhali 'ya'yan mai ba ka suna karatu a Ingila. Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina ba shi da komai, ɗan'uwansa na Ansaru ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya sa masa albarka ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Ka koyi sana'a, ko jima ce ko ƙira ko fawa ko gyaran waya. Annabi Dawuda maƙeri ne, Annabi Zakariyya kafinta ne. Kuma ka tsare zuciyarka daga hassada, domin ba kowane mai kuɗi ne ɓarawo ba, kuma talaka mai girman kai yana cikin waɗanda hadisi ya yi wa narko mai tsanani.

In kai ɗan babban gida ne, ka gode wa Allah, ka sani an ɗora maka kaya. Ya inganta cewa wanda aikinsa ya jinkirtar da shi, asalinsa ba zai gaggauta da shi ba. Ɗan Annabi Nuhu ruwa ya ci shi, Abu Lahabi kuwa baffan Manzo ne. In kakanka malami ne, gadonsa na cikin littattafan da gara ke ci a zaure, ba cikin sunan da kake sa wa a bayan naka ba. Ka zauna inda ka samu wuri a sahu, ka hana a durƙusa maka, ka tambayi mahaifinka cikin ladabi yadda ake fitar da zakkar gidanku.

Mu kuma masu kira zuwa ga Sunna, mu yi hattara, domin abin da ya kori Malam Abdullahi daga runduna yana iya shigowa cikinmu. Digiri yana iya zama sabon asali, har mai shi ya raina mahaifinsa manomi. Malanta tana iya zama sabuwar sarauta mai jiniya da 'yan rakiya. In wanda ya gina masallaci shi ke zaɓen abin da za a faɗa a kan mumbari, in malami ya iya tsawa a kan bidi'ar tsohuwa amma harshensa ya yi nauyi a kan ribar Alhaji, to an karɓi zinariyar Magami.

Ga ma'auni mai sauƙi da za ka gwada kanka da shi. A mazhabar Imamu Malik, wadda muka tashi a kanta, abin dubawa wajen dacewar miji shi ne addini da kuɓuta daga aibobin da ke sa a raba aure, ba nasaba ba. Ranar da saurayi mai salla, mai gaskiya, mai sana'a, ya zo neman ƙanwarka, aka ce ai ɗan mahauta ne, ko jikan bayi ne, mi za ka ce a cikin gidanku? Wanda ya yi shiru ranar nan, ya san bai gama wanke zuciyarsa daga hujjar Iblis ba, ko da wandonsa bai wuce idon sawu ba.

KAMMALAWA

Gobe za a tambayi kowane bawa game da dukiyarsa tambaya biyu, ina ya samo ta, kuma ina ya kashe ta. Ba za a tambaye shi sunan kakansa ba. Likkafanin sarki da na mai gadinsa farin ƙyalle ne, kuma rami ɗaya ake gina musu.

Ya Allah Ka azurta mawadatanmu da kyauta da tsoronKa, Ka azurta matalautanmu da wadatar zuci da sana'a ta halal, Ka shiryi shugabanninmu su yi adalci, Ka mayar da waɗanda aka kora daga garuruwansu gida lafiya, Ka tsarkake zukatanmu daga girman kai da hassada. Abin da ke cikin wannan na daidai daga Allah yake. Wanda ya karanta ya miƙa wa ɗan'uwansa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Runjin Sambo, Sakkwato.